Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabannin Manyan Makarantun Zariya: A Dubi Inda Aka Yi Tuntuɓe

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, shugabannin jami'a da kwalejoji da sauran manyan makarantun ƙasar Zazzau, tare da magatakardanku da daraktocin sashen ayyuka da masu kula da harkokin ɗalibai. Ina gaishe ku da aiki, Allah ya taya ku riƙon amanar 'ya'yan mutane da ke hannunku.

Maganar da na zo da ita ƙarama ce a ido, har ina jin nauyin ɗora ta a kan teburin da ake tattauna albashi da yajin aiki da kuɗin lantarki. Maganar santsi ce da tuntuɓe da faɗuwa. Na san wani zai yi murmushi. Ni ma da murmushin nake yi, kafin daminar da ta wuce.

Ƙanwata tana aji uku a ɗaya daga cikin makarantunku. Ba zan kira sunan makarantar ba, don ban zo tona asirin kowa ba, kuma abin da ya same ta zai iya samun wata a ko'ina. Ɗakinsu yana hawa na biyu. Ruwa ba ya hawa sama, saboda haka kullum da asuba sai an sauko famfon ƙasa. Ranar babu wuta. Ta ɗebo ruwan alwala da na wanka, bokiti a hannun dama, waya a hagu tana haska gabanta, hijabi har ƙasa, silifas a ƙafa. Waɗanda suka riga ta hawa duk sun ɗiɗɗiga ruwa a matakala. A mataki na tara sai yatsunta suka kama baki. Ta saki bokitin ta kai hannu za ta kama ƙarfen dafawa, ashe a daidai nan ƙarfen ya daɗe da cirewa, sai guntun walda da ya rage a bango. Ta tari ƙasa da tafin hannu. Wuyan hannunta na dama ya karye, saura kwana 12 a fara jarrabawa.

A gida, Inna ta ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, Allah ya sa kaffara ne. Muka ce amin. Aka ɗan ja tsakanin masu cewa a kira mai ɗori da masu cewa asibiti, asibiti ya yi rinjaye, aka ɗauki hoton ƙashi, aka ɗaure hannun da filasta. Duk wanda ya shigo dubiya tambayarsa ɗaya: “Garin yaya?” Kafin ta gama bayani sai a ce, “Ke ma dai ki riƙa kula.” Ni ma na faɗa mata haka, Allah ya yafe mini.

Abin da ya sauya mini tunani zuwan ƙawayenta ne. Suna zaune a kan tabarma suna mata sannu, sai ɗaya ta ce, “Ai Yaya, wannan matakin ni ma ya taɓa kayar da ni.” Wata ta nuna tabo a haɓarta. Ashe har suna suka sa masa, suna kiransa Sannu-da-zuwa, saboda ba sabuwar ɗalibar da ba ya gaisawa da ita a makonta na farko. Suka yi ta dariya. Ni dariyar ta maƙale mini a wuya, don aikina gini ne, shekara 14 ina bin birkiloli da kafintoci, na kuma san matakin da ke kayar da mutane a wuri ɗaya akwai abin da ke damunsa. Namiji ba ya shiga ɗakin kwanan mata, sai na ba ɗaya daga cikinsu tef ɗin awo na ce ta auna mini tsayin kowane mataki. Da yamma ta turo ta WhatsApp: 16, 16, 16, haka dai santimita 16 har zuwa na takwas. Na tara 20 ne.

Ranku ya daɗe, ga yadda abin yake. Mai hawan bene ba ya kallon kowane mataki. Daga na biyu ko na uku ƙafa ta riga ta haddace tsayin, ita ke ɗaga kanta daidai gwargwado ba tare da shawarar ido ba. Ko a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, tazarar da ke tsakanin yatsun mai tafiya da ƙasa in ya ɗaga ƙafa, a daidai inda suka fi kusa da ƙasa, ba ta wuce santimita 1 zuwa 2. Shi ya sa masana gini ke dagewa a kan matakai su zama kai ɗaya, ko bambancin santimita 1 ba a so, balle 4. Wanda ya yi wancan matakin, ko katakon zubi ne ya goce masa, ko wani ne ya zo daga baya ya yi faci ya tula siminti, ya bar tarko a hanyar yaran mutane, tarkon kuma yana nan yana kamu shekara da shekaru. Na yarda da ƙaddara kamar yadda Inna ta yarda. Amma Bahaushe ya ce a bar duban inda aka faɗi, a dubi inda aka yi tuntuɓe.

Kada a ga kamar don abin ya taɓa gidanmu ne nake kambama shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 684,000 ne ke rasa ransu a kowace shekara sanadiyyar faɗuwa, kuma in aka cire haɗurran hanya, babu hatsarin da ya fi ta kisa a duniya. Fiye da kashi 80 cikin 100 na waɗannan mace-mace a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita suke faruwa, wato irin tamu. Waɗanda suka faɗi suka ji ciwon da sai an kai su ga likita kuwa sun kai miliyan 37.3 a shekara. 'Yan sama da shekara 60 su suka fi mutuwa, wannan kuma ya shafe ku kai tsaye, don harabar makaranta ba ta samari da 'yan mata kaɗai ba ce. Akwai farfesoshin da suka manyanta suna hawa hawa uku da babbar riga da tulin takardu, akwai dattawan masu gadi da masinjoji, akwai ɗalibai masu juna biyu da masu goyo. Matashi ya faɗi ya tashi ya kakkaɓe riga. Dattijo in ƙashin ƙugunsa ya karye, wani lokaci daga wannan kwanciyar ba ya sake miƙewa kamar da.

To, babban abin da na zo roƙo shi ne a fara ƙirgawa. Yau in ɗaliba ta je asibitin makaranta da targaɗe ko karaya, likita zai duba ta ya rubuta magani, ya yi aikinsa. Amma a wane gini ta faɗi, a wane lungu, ƙarfe nawa, akwai wuta ko babu, ƙasa a jiƙe take ko a bushe, wannan ba ya shiga kati, kuma ko ya shiga ba ya isa kunnen sashen ayyuka. Masu magani suna gefe, masu gyara suna gefe, mataki na tara yana tsakiya yana cin karensa babu babbaka. Ku sa a ƙara layi biyu a katin duk wanda ya zo da ciwon faɗuwa, a ƙarshen wata a tattara a miƙa wa daraktan ayyuka, a kuma karanta a gaban shugaban makaranta. Ina da yaƙinin kafin zangon karatu ɗaya ya ƙare za ku ga wurare 'yan ƙalilan ne ke ta maimaita kansu. Waɗanda suka faɗi ba su je asibiti ba sun fi yawa, don mai faɗuwa a bainar jama'a kunya ce ke fara kama shi kafin zafi, yana tashi sai ya duba ko an gan shi. Su kuma a ba su lambar waya guda, a manna ta a ƙofar kowane ɗakin kwana da kowane zauren lakca, wanda ya ga rami ko karyayyen ƙarfe ya ɗauki hoto ya tura. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sai dai a ɗora lambar a wuyan mutum ɗaya sananne da za a iya tambaya, don in ɗalibi ya tura hoto sau uku bai ga amsa ba, ba zai sake ɓata datarsa ba.

Kafin rajistar ta cika ma, akwai abubuwan da duk mai ido ya sani. Na fi jin haushin tayil. Tsofaffin gine-ginenmu da yawa daɓen siminti gare su mai ɗan kaushi, ba kyan gani amma yana riƙe ƙafa. Da aka shiga yayin kwaskwarima sai aka bi baranda da matakala da banɗaki, har da wurin alwala, aka shimfiɗa tayil mai sheƙi irin na falon amarya. Ranar buɗe gini yana ɗaukar ido, hoto ya yi kyau. Ranar da ruwa ya taɓa shi kuwa ya zama kamar an shafa karkashi. Ina faɗin wannan a matsayin wanda ya sha shimfiɗa shi da hannunsa bisa umarnin mai aiki, don haka ban wanke kaina ba. Gwajin ba ya buƙatar injiniya: a ɗauko guda ɗaya a ajiye a ƙasa, a zuba masa ruwa, a taka da tsohon silifas. In ƙafa ta zame, ba na baranda ba ne. Ku sa a rubuta a takardar kwangila ƙarara cewa duk inda ruwa ke zuwa sai mai kaushi. Inda aka riga aka shimfiɗa, ba sai an farfasa duka ba. A manna zirin nan mai kaushi a bakin kowane mataki, a shafa wa bakin fenti fari ko rawaya don ido ya rarrabe inda ya ƙare, a sa tabarmar roba a ƙofofin shiga ta tsotse ruwan takalma.

Kowane lokaci na shekara a Zariya da irin nasa santsin. In marka ta kankama a watan Agusta, gansakuka kan rufe gindin famfo da bayan banɗakuna da duk siminti da ke ƙarƙashin inuwa, ta yi kore shar, ga ta da sulɓi kamar sabulu. Kwata ta cika ta batse har ruwan ya daidaita da hanya, mai tafiya ba ya sanin ina hanya ta tsaya ina rami ya fara, ga murafun da suka karye ko aka sace ba a mayar ba. Murfin sokawe da ya tsage ya fi kowanne ban tsoro, don wannan ba maganar targaɗe ba ce. Hunturu ya zo da ƙura mai laushi kamar garin tuwo, ta kwanta a kan tayil, ita ma tana ɗaukar ƙafa. Da bazara kuma ɓawon mangwaro da ƙwallonsa. Itatuwan da suka ƙawata makarantunmu, dogon yaro da malina da mangwaro, saiwoyinsu sun ɗaɗɗaga falankan hanya, wani ya yi sama wani ya yi ƙasa. Don Allah kada wani ya karanta wannan ya ɗauko gatari. Inuwar nan ta fi falanki daraja. A ɗaga falankin a sake daidaita shi, ko a karkata hanyar kaɗan.

Duk waɗannan da rana ana iya kauce musu. Duhu ne ke mayar da su mugun abu. Ɗalibi yana karatun dare a aji har ƙarfe 1 ko 2, ya fito ido ya gaji, cajin waya ya ƙare, ya kama hanyar ɗaki. Na san kuɗin lantarki ya zame wa manyan makarantu ƙarfen ƙafa, ba na cewa a haska ko'ina dare da rana. Amma in za a zaɓi inda za a sa fitila mai aiki da hasken rana, matakala ta riga ƙofar ofis cancanta, hanyar banɗaki ta riga allon sunan makaranta. A sa ƙwan a cikin ragar ƙarfe, don mun san halinmu.

'Yan kwangila, abokan sana'ata, su ma a ja musu kunne. A haƙa ramin bututu a tsakiyar hanya a tafi hutun mako, a zube yashi da tsakuwa a bakin ƙofa, a bar rodi tsaye tsirara, a ja wayar janareta ta ratsa baranda. Maganinmu ɗaya ne, kuma kun san shi: kada a biya cikon kuɗi sai an ga wuri a share, an cike rami. Gadajen nan masu hawa biyu da ba su da makari ko tsani, mai walda ɗaya zai gama da su a lokacin hutu.

Ina so in ɗan tsaya a kan iyayenmu mata masu shara da goge-goge, don in aka tashi neman mai laifi su ake fara nunawa. Baba tana fara goge baranda ƙarfe 8 na safe, daidai lokacin da ɗalibai ke tururuwar shiga lakca, saboda lokacin da aka ce ta zo ke nan. Bokitinta ɗaya, ruwan ya yi baƙi, an zuba omo da yawa don ƙamshi, in ya bushe sai ya bar wani santsi a kan tayil da ke jiran ɗigon ruwa na gaba. Ba ta da allon gargaɗi da za ta kafa, ba ta da busasshen tsumma da za ta bi baya da shi, takalminta silifas ne da ya suɗe. Ita ce ma ta fi kowa kusa da faɗuwa, kuma in ta faɗi ba ta da mai rubuta mata wasiƙa. A gyara musu lokacin aiki ya zama kafin shigowar jama'a ko bayan an tashi, a riƙa goge rabin faɗin baranda a bar rabi a bushe don masu wucewa, a saya musu takalmin roba mai riƙe ƙasa. Dokar biyan diyya ga ma'aikata ta 2010, wadda hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF ke kula da ita, ta tanadi haƙƙin wanda ya ji ciwo a bakin aiki. Ya kamata ku tabbatar kamfanonin da kuke ba kwangilar shara sun sa waɗannan bayin Allah a ciki.

Tunda an zo maganar doka, akwai wadda ta hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, ta 2018, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019. Ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara 5 su gyara yadda mai keke da makaho da mai sanda za su shiga ba wahala. Wa'adin ya cika tun Janairun 2024. Abin da ke mana tuntuɓe mu masu gani, ga ɗalibi makaho rijiya ce. Gangaren da ake yi wa masu keke kuma yana da ƙa'ida, abin da aka fi bi shi ne kowane tsayin mita 1 a ba shi tsawon mita 12. Na ga waɗanda aka yi don cika sharaɗi kawai, a tsaye kamar hawan dutsen Kufena, an kuma lulluɓe su da tayil mai sheƙi, har mai ƙafa biyu yana tsoron bi.

Ban ce ɗalibai ba su da nasu ba. Ana sauka bene ido na kan waya. Ana watso ruwan wanki daga sama, ana yar da ledar ruwa da sauran ruwa a ciki, ana kwance ƙwan fitilar baranda a kai ɗaki. Ƙanwata ma na ce mata daga yau ta riƙa tattare hijabinta in za ta hau, ta bar hannu ɗaya ba komai a ciki. A faɗa musu wannan a makon karɓar sababbin ɗalibai, limamai da fastocin makaranta su taya, ai hadisi ne sananne cewa kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne. A haɗa da koya musu abin yi in wani ya faɗi, don al'adarmu ita ce a rugo a ciccibi mutum a miƙar da shi tsaye. Wanda ke kukan wuya ko gadon baya ba a ɗaga shi sai ma'aikatan lafiya sun zo. Wanda ya bugu a kai ya fara amai, ko barci ya riƙa fizgarsa, ko maganarsa ta rikice, asibiti za a nufa da shi nan take ko da ya ce ba komai. Amma wa'azi ba ya rage tsayin mataki na tara, kuma da ruwa yana hawa bene da ba wadda za ta ɗauki bokiti a cikin duhu tun farko.

Za a ce babu kuɗi. Na ga allunan TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, a gaban sababbin gine-gine, na kuma yi murna da su. Matsalar ita ce sabon gini ana kiran 'yan jarida a buɗe shi, murfin kwata kuwa ba wanda ake tafa wa. Ku ware wani abu a kasafin kowace shekara da sunan ƙananan gyare-gyare, wanda ba sai takarda ta zaga ofis bakwai kafin a sayi buhun siminti ba. Ma'aikatan binciken ma kuna da su kyauta. Tun kafin a samu 'yancin kai ake koyar da zanen gine-gine a garin nan, Jami'ar Ahmadu Bello kuma tun da aka buɗe ta a 1962 take yaye injiniyoyi da masu zane da suka gina rabin Arewa, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli da nata ɗaliban. A raba wa 'yan aji uku tef da takarda, a ce aikin wannan zangon shi ne su auna kowace matakala, su zana taswirar kowane rami, a ba su maki a kai. Garin da ke koya wa ƙasa yadda ake gini bai kamata a ce matakalarsa na karya hannun ɗalibai ba. Akwai maganar da ake jingina wa Sayyidina Umar, cewa da alfadari zai yi tuntuɓe a Iraƙi, yana tsoron Allah ya tambaye shi don me bai gyara masa hanya ba. Shi daga Madina yake hango Iraƙi, ku kuwa daga ofishinku zuwa ɗakin kwanan ɗalibai tafiyar minti goma ce, ina roƙon ku taka ta da ƙafa sau ɗaya, da daddare, ranar da aka yi ruwa, ba tare da an sanar da kowa za ku zo ba.

Ƙanwata an cire mata filasta bayan mako shida. Darussa biyu ba ta iya rubutawa ba, sai baɗi. Har yanzu in sanyi ya yi hannun yana mata tsami, ta kuma koma ɗakin nan dai, tana wuce Sannu-da-zuwa safe da yamma. Na yi lissafin gyaransa: a sassaƙe a daidaita matakan da ke kusa da shi, buhun siminti biyu, yashi baro uku, sai mai walda na rabin yini ya mayar da ƙarfen dafawa. Na kai takarda ofishin da ya dace da lambar wayata a ƙasa. In an ba ni izini a hutun da ke tafe, zan zo da birkilana mu yi, ba na neman ko sisi.

Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana.

Naku,
Yayan wata ɗaliba,
Tudun Wada, Zariya.